Dogari Ya Yi Duka, Wa Za a Tuhuma?

Daga cikin karin maganar da muka gada akwai wadda ta fi sauran tausaya wa masu mulki, watau wadda ke cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Duk wanda ya fara faɗinta mutum ne mai hikima, kuma ga dukkan alamu mai son ya kwana a gidansa lafiya, domin da ita ne talaka yake iya kai kukan zaluncin da aka yi masa ba tare da ya taɓa rawanin da ya fi ƙarfinsa ba. Yana tsine wa hannun da ya mare shi, yana kuma yi wa mai hannun addu'ar tsawon rai. Akwai kuma wani ɗan kyautata zato da ke ɓoye a cikinta, cewa da sarki ya sani da bai yarda ba. Abin da muke so mu duba a wannan maƙala shi ne ko maganar tana da sauran wurin zama a inda jama'a da kansu suka zaɓi shugaba da ƙuri'a, shi kuma ya naɗa bafadensa da hannunsa, yana iya tuɓe shi duk ranar da ya ga dama. Don kada mu yi ta a kan iska, za mu ɗauki abin da ya faru a birnin Niyok na ƙasar Amurka cikin shekarar 2020, lokacin da annobar korona da fushin jama'a a kan 'yan sanda suka haɗu a kan mutum guda, watau magajin garin wancan lokaci, Bill de Blasio.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin girman wannan kujera, don kada kalmar magajin gari ta sa ya ɗauka wani abu ne mai kama da ciyaman na ƙaramar hukuma. Birnin yana da mutane fiye da miliyan 8. Rundunar 'yan sandansa a wancan lokaci tana da jami'ai wajen 36,000, kuma abin da ake kashe mata a shekara ya kusa dala biliyan 6. Magajin gari shi ke naɗa kwamishinan wannan runduna, shi ke kuma iya sallamarsa. A wurinmu tsarin mulkin 1999 ya sanya 'yan sanda a hannun Gwamnatin Tarayya, saboda haka mun saba jin gwamna yana cewa ba shi da iko da su. Magajin garin Niyok ba shi da wannan mafaka. Wannan ne ya sa misalin ya dace da tambayarmu, domin an cire uzurin farko tun kafin a fara shari'a.

Shi kuwa wannan mutum ba a kan kowace irin magana ya hau mulki ba face a kan maganar 'yan sanda. Kafin zuwansa akwai wata al'ada ta tare mutane a kan titi ana lalube su bisa zato kawai. A shekarar 2011 kaɗai an yi irin wannan tarewa fiye da sau 685,000, kusan tara cikin goma na waɗanda aka tare ba a same su da laifin komai ba, kuma mafi yawansu baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka. A watan Agusta na 2013 wata mai shari'a ta kotun tarayya, Shira Scheindlin, ta yanke hukunci cewa yadda ake gudanar da abin ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar. A wannan shekarar ce de Blasio ya yi kamfen da alkawarin kawo ƙarshen wannan wulaƙanci, har ɗansa, wanda mahaifiyarsa baƙar fata ce, ya fito a tallar neman ƙuri'a. Unguwannin talakawa suka yi masa ruwan ƙuri'u. Alkawari irin wannan amana ce ta musamman, domin waɗanda suka gaskata shi su ne waɗanda aka fi yi wa ƙarya a baya.

To amma bai cika shekara a kan mulki ba sai da ya ɗanɗana ƙarfin bafadensa. A watan Yuli na 2014 wani ɗan sanda ya shaƙe Eric Garner har ya mutu, gari ya ɗau zafi. A watan Disamba wani ɗan bindiga ya harbe 'yan sanda biyu suna zaune cikin motarsu a Brooklyn. Shugaban ƙungiyar 'yan sanda ya ɗora jininsu a ƙofar ofishin magajin gari, kuma a wurin jana'iza ɗaruruwan jami'ai suka juya masa baya yana magana, sannan suka yi makonni suna jan ƙafa wajen aiki. Masu lura da yawa suna ganin tun daga wannan rana ya shiga taka-tsantsan da rundunar da yake shugabanta, mu ma muna tare da su a wannan fahimta. Ɗan sandan da ya shaƙe Garner sai da ya ƙara shekara 5 yana karɓar albashi kafin a kore shi a watan Agusta na 2019. Ke nan annoba ta tarar da sarkin da ya riga ya koyi jin tsoron dogarinsa.

Kafin mu tuhumi kowa, lalle ne mu ba larura haƙƙinta. Wanda bai ga abin da ya sami Niyok a watannin Maris da Afrilu na 2020 ba yana iya ɗaukar dokokin kulle a matsayin son mulki kawai. Asibitoci sun cika sun batse, an jera manyan motoci masu na'urar sanyi a bakinsu don ajiye gawarwaki, a wasu ranaku na farkon Afrilu ɗaruruwan mutane ne ke mutuwa tsakanin safiya da safiya, kuma kafin farkon Yuni waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe sun haura 18,000. A irin wannan hali, shugaban da ya hana taro ya rufe makarantu da gidajen abinci bai yi zalunci ba. 'Yancin mutum ya fita ya yi hulɗa yana da iyaka a inda numfashinsa zai iya zama ajalin maƙwabcinsa. Ba mu da ja a kan wannan.

Haka nan ba adalci ba ne a yi wa mutum hisabi da ilmin da bai samu ba sai daga baya. Abin da za a tambaye shi a kai shi ne abin da ya sani, ko abin da yake da halin sani ya ƙi nema. A ranar 2 ga Maris, kwana guda bayan an tabbatar da cutar a birnin, magajin gari ya yi kira ga jama'a su ci gaba da harkokinsu su fita shaƙatawa, har ya ba su shawarar fim ɗin da za su je su kalla. A lokacin takwararsa ta San Francisco, London Breed, ta riga ta ayyana dokar ta-ɓaci tun 25 ga Fabrairu, alhali ba a ko tabbatar da cutar a garinta ba. Bai yarda ya rufe makarantu ba sai 15 ga Maris, bayan matsin lamba daga malamai da iyaye ya yi yawa. Hujjarsa ita ce yara da yawa cikin ɗalibai fiye da miliyan ɗaya a makaranta suke samun abinci, kuma ma'aikatan asibiti ba su da inda za su bar 'ya'yansu. Hujja ce mai nauyi, ta mutumin da ya san talaka. Kuma da ya zo ya fara maganar a zauna a gida ranar 17 ga Maris, gwamnan jihar, Andrew Cuomo, shi ya taka masa birki, sai 22 ga wata dokar ta fara aiki. Alhakin jinkiri rababbe ne tsakanin mutum biyu da suka daɗe ba sa ga maciji da juna. A wannan babi muna ganin ya cancanci zargi, ya kuma cancanci sassauci.

Inda ba mu ga sassauci ba shi ne safiyar 16 ga Maris, lokacin da aka ɗauke shi a mota tafiyar mil da yawa zuwa gidan motsa jikin da ya saba zuwa a Brooklyn, sa'o'i kaɗan kafin dokar rufe irin waɗannan wurare ta fara aiki. Bai karya doka ba, tun da lokacinta bai yi ba. Amma mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi a gaban jama'a, kuma daga ranar duk wanda aka ce ya zauna a ɗaki yana da abin da zai tuna. Mu wuce wannan, ƙaramin abu ne a kan abin da ke tafe.

Babbar shawarar da ya yanke, wadda ba a cika lissafa ta a matsayin shawara ba, ita ce wa zai tsare wannan doka. Dokar ba da tazara da sanya takunkumin fuska doka ce ta lafiya. Ana iya ɗora ta a kan ma'aikatan lafiya, ko ma'aikatan lambunan shaƙatawa, ko shugabannin unguwa da na addini. Shi ya ɗora ta a kan 'yan sanda, watau mutanen da kayan aikinsu kulki ne da ankwa da takardar sammaci. Abin da ya biyo baya sai ya fito da alƙaluma. Ofishin mai gabatar da ƙara na Brooklyn, Eric Gonzalez, ya bayyana cewa daga 17 ga Maris zuwa 4 ga Mayu an kama mutum 40 a yankinsa kan rashin ba da tazara: 35 baƙaƙen fata, 4 'yan asalin Latin Amurka, farar fata mutum 1. Ita ma rundunar da ta fitar da nata lissafin, cikin sammaci 374 da ta raba a faɗin birnin, 304 waɗannan jinsuna biyu aka ba. A ƙarshen makon farko na Mayu jama'a suka ga hotuna iri biyu. A ɗaya, 'yan sanda suna miƙa wa masu shan hantsi takunkumi kyauta a lambunan unguwannin masu hali. A ɗayan, wani ɗan sanda a East Village, shi kansa ba takunkumi a fuskarsa, ya kayar da wani baƙar fata yana marinsa, ya kuma durƙusa a kansa.

A nan muke so mu ɗan daɗe, domin a nan ƙashin bayan maganar yake. Akwai bambanci tsakanin dokar da mutane kaɗan ke karyawa da dokar da kusan kowa ke karyawa. Idan doka ta hana fashi, ɗan fashi ne ke zaɓar kansa ya shiga hannu. Amma idan doka ta ce kowa ya bar ƙafa shida tsakaninsa da ɗan'uwansa a garin da mutane ke cunkushe kamar ashana cikin kwali, to kafin rana ta faɗi kusan kowa mai laifi ne, kuma tun da ba za a kama kowa ba, ɗan sanda ne zai zaɓi wanda zai kama. Doka ta tashi daga zama ma'auni ta koma izini. Shi kuwa ɗan sanda zai yi zaɓin ne da idon da ya saba dubawa da shi, a unguwar da aka saba tura shi. Ba sai wani ya ba da umarnin a bi baƙaƙe ba. Ya isa kawai a miƙa faffaɗar doka ga rundunar da kotu ta riga ta ce tana da wannan hali shekara 7 da suka wuce. Kuma in akwai mutum guda a duk Amurka da ba zai iya cewa bai san wannan hali ba, to shi ne wanda ya ci zaɓe da shi. Wanda ya ba kura ajiyar nama, ya kuma taɓa tara jama'a yana yi musu bayanin halin kura, ba shi da bakin cewa an ba shi mamaki.

Abin ya ƙara muni idan aka tuna su wa annobar ta fi ci. Alƙaluman hukumar lafiyar birnin na watan Afrilu sun nuna baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suna mutuwa kusan ninki biyu na fararen fata. Su ne direbobin bas, masu share asibiti, masu kai saƙon abinci, waɗanda aka ce aikinsu ya zama dole, saboda haka ba su da damar zama a gida, kuma gidan ma sau da yawa ɗaki biyu ne ga mutum bakwai. Mai babban gida yana bin dokar zaman gida ba tare da ta ci masa komai ba. Mai ƙaramin ɗaki bakin titi ne tsakar gidansa. Aka wayi gari mutanen da cuta ta fi kashewa su ne kuma kulki ya fi samu, har ana kai mutum ofishin 'yan sanda a cusa shi cikin wasu don a koya masa ba da tazara.

Amsar magajin gari da farko ita ce alƙaluman kaɗan ne, kuma bai kamata a kwatanta su da tarewar da ake yi a da ba. Ta fuskar lissafi ya yi gaskiya, 40 ba 685,000 ba ne. Sai dai adalci ba a auna shi da mudu. Kowane ɗaya daga cikin mutum 35 ɗin nan nasa wulaƙancin cikakke ne, ba a rage masa komai don 'yan'uwansa ba su kai dubu ba. Bayan haka, ƙaramin samfur shi ke nuna abin da ke cikin buhu. Daga baya ya yarda cewa bambancin bai dace ba, kuma a ranar 15 ga Mayu, bayan an ga hoton 'yan sanda sun danne wata uwa a gaban ɗanta a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa saboda takunkumi, ya sanar da cewa 'yan sanda za su daina kama mutane kan takunkumi, su mai da hankali kan manyan taruka. Mun yaba da gyaran. Amma sauƙin da aka yi gyaran da shi shaida ce cewa tun farko zaɓi ne, kuma mai zaɓin yana nan.

Akwai kuma maganar harshen shugaba. A daren 28 ga Afrilu dubban Yahudawa masu riƙo da al'ada suka taru a Williamsburg don jana'izar wani malaminsu da cutar ta kashe. Magajin gari ya je wurin da kansa aka watsa taron, sannan ya rubuta gargaɗi a Twitter yana ambaton al'ummar Yahudawa da suna. A birnin da Yahudawa suka haura miliyan ɗaya, laifin wasu dubbai sai ya zama tambari a goshin kowa, a lokacin da mutane ke neman wanda za su ɗora wa annoba. Taron kuskure ne, hana shi daidai ne. Amma bayan wata guda, da dubun dubatar mutane suka cika tituna suna zanga-zangar kisan George Floyd, wanda ɗan sanda ya kashe a Minneapolis ranar 25 ga Mayu, sai magajin gari ya ce damuwar da ta samo asali daga shekara 400 na wariyar launin fata ba ɗaya take da ta mai kanti ko mai son komawa wurin ibada ba. Muna iya yarda da shi cewa zanga-zangar tana da dalili mai girma. To amma ƙwayar cuta ba ta tambayar dalilin taro, kuma wanda aka hana raka gawar mahaifinsa yana da haƙƙin ya ji dalilin da ya sa baƙin cikinsa ya zama na baya. A ranar 26 ga Yuni wani alƙalin tarayya, Gary Sharpe, ya ba wasu limaman Katolika biyu da Yahudawa uku gaskiya a kan wannan batu, ya hana a ƙuntata tarukan ibada fiye da sauran. Doka ta larura jarinta ɗaya ne, watau yardar jama'a cewa a kan kowa take. Ranar da shugaba ya fara tantance wace damuwa ce ta isa a ɗaga mata ƙafa, ya fara cin wannan jari.

Abin mamaki, masu zanga-zangar da ya yi wa uzuri da baki su ne suka fi shan wuya a hannun rundunarsa. Ba za mu ɓoye cewa an yi ɓarna ba: an fasa kantuna a Manhattan da Bronx, an ƙona motocin 'yan sanda, an raunata jami'ai da dama. Shugaban da ya naɗe hannu a irin wannan hali shi ma ya ci amana. Amma a ranar 30 ga Mayu, da aka ga motocin 'yan sanda biyu sun kutsa cikin taron mutane a Brooklyn, maganar farko da ta fito daga bakinsa a daren ita ce kare direbobin da ɗora laifi a kan waɗanda suka kewaye motocin. Ranar 1 ga Yuni shi da gwamna suka sa dokar hana fita, wadda birnin ya yi fiye da shekara 70 bai ga irinta ba, ta kuma kai har 7 ga wata. Ranar 4 ga Yuni a unguwar Mott Haven ta Bronx, 'yan sanda suka yi wa masu maci ƙawanya ana saura mintoci kaɗan ƙarfe 8 ta cika, suka hana su fita, da lokaci ya yi kuma suka far musu da kulake suka kama fiye da mutum 250 bisa laifin karya dokar hana fita. A duba wannan da kyau: an riƙe mutum har lokaci ya ƙure masa, sannan an hukunta shi kan makara. Washegari kwamishina Dermot Shea ya ce shirin ya tafi kusan ba tangarɗa, magajin gari kuma ya tsaya a bayansa.

A waɗannan kwanaki, sau da yawa in 'yan jarida suka tambaye shi game da wani hoton duka da ya karaɗe duniya, sai ya ce bai gani ba tukuna. Ga ainihin karin maganarmu ta dawo cikin kwat da wando: da sarki ya sani. Sai dai rashin sani iri biyu ne. Akwai na wanda aka rufe wa ido, akwai na wanda ya runtse da kansa don ya san abin da zai gani zai tilasta masa yin abin da yake tsoro. Na farko uzuri ne, na biyu ƙarin laifi ne, domin an tanade shi ne tun kafin a buƙace shi.

To, wane irin hisabi aka yi? Na farko ya zo daga titi. A wurin taron tunawa da Floyd a Brooklyn jama'a suka yi masa ihu har aka kasa jin jawabinsa, wasu suka juya masa baya, kamar yadda 'yan sanda suka yi masa a 2014. Ɗaruruwan ma'aikatansa na da da na lokacin suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna sukarsa. A watan Disamba na 2020 hukumar binciken birnin, ƙarƙashin Margaret Garnett, ta fitar da rahoto cewa rundunar ta yi amfani da ƙarfi fiye da kima, ta kuma ƙara rura wutar da aka tura ta kashewa. Magajin gari ya fito ya ce ya yi nadama, ya ba da haƙuri. A watan Janairu na 2021 babbar lauyar jihar, Letitia James, ta kai shi da birnin da manyan rundunar ƙara kotu.

Ba ma raina ban haƙuri. Shugabannin da suka taɓa furta shi da bakinsu ba su da yawa, kuma mu da muka ga abin da ya faru a namu kullen ba mu da bakin raina shi: Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a Nijeriya cikin makonni biyun farko na kullen da aka fara ranar 30 ga Maris na 2020, adadin da a lokacin ya zarce na waɗanda cutar ta kashe. A Niyok ko ba komai akwai ofishin da ya ƙirga, akwai hukumar da ta bincika, akwai sunan da aka rubuta a takardar ƙara. Amma ban haƙuri da hisabi ba abu ɗaya ba ne. Mai ban haƙuri shi ke zaɓar ranar da zai yi magana, da kalmomin da zai yi amfani da su, da inda zai tsaya. Wanda ake yi wa hisabi kuwa wani ne ke yi masa tambaya, kuma akwai abin da zai rasa. Nadamar da ta zo bayan wata 6, bayan rahoto ya riga ya faɗi abin da kowa ya gani da idonsa tun a watan Yuni, ba ta ci wa mai yin ta komai ba. Kwamishina Shea ya ci gaba da zama a kujerarsa har ƙarshen 2021. Babban jami'in da ya jagoranci aikin Mott Haven, Terence Monahan, da ya yi ritaya a 2021 sai aka ba shi muƙamin mai ba magajin gari shawara. Shi kansa de Blasio yana zangonsa na biyu ne, doka ba ta ba shi damar sake tsayawa ba, saboda haka ƙuri'a, wadda aka ce ita ce bulalar talaka, ba ta da bayan da za ta sauka a kai. Gaskiya ne da ya nemi kujerar majalisar tarayya a 2022 ya janye tun kafin zaɓen fid da gwani don ya ga ba shi da jama'a. Wannan hukunci ne iri guda, amma hukuncin da bai fayyace laifin da aka yi shi dominsa ba.

Duk da haka akwai haɗari a ɗaya gefen, kuma bai kamata mu rufe ido a kansa ba. A ƙarshen mulkinsa de Blasio ya zama jakin kowa: 'yan sanda na zaginsa, masu zanga-zanga na zaginsa, masu kantuna da masu ibada na zaginsa. Idan ƙiyayyar mutum guda ta yi yawa haka, takan zama labulen da sauran masu laifi ke fakewa a bayansa. Juya karin maganar a ce ba a mugun bafade sai mugun sarki shi ma zai zama ƙarya, domin hannun da ya ɗaga kulki yana da mai shi, kuma rundunar da za ta iya tsorata shugaban da jama'a suka zaɓa matsala ce da ta girmi wannan shugaba, ba kuwa za ta tafi don ya tafi ba. Alhaki ba kamar ƙosai yake ba, da in wani ya ɗauki uku sai na wani ya ragu. Ɗan sandan da ya yi duka yana ɗauke da nasa cikakke, kwamishinan da ya tsara aiki yana ɗauke da nasa, wanda ya naɗa kwamishinan ya kuma ƙi sauke shi yana ɗauke da nasa. Su ma jama'a ba su fita ba. A watan Afrilu magajin gari ya roƙi mutane su ɗauki hoton masu karya dokar tazara su aika wa hukuma ta waya. Wasu sun mai da abin wasa suka cika layin da hotunan batsa da zagi, amma kiraye-kirayen ƙorafi a kan maƙwabta sun ci gaba da shiga, kuma mai tsoro da ya kira 'yan sanda ya kamata ya san wa za su fara dubawa in sun iso.

Sauran hisabin kuɗi ne ya biya shi. A watan Maris na 2023 birnin ya amince ya biya kowane ɗaya daga cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a Mott Haven dala 21,500. A watan Yuli ya amince da wata diyyar ta fiye da dala miliyan 13 ga wasu mutum wajen 1,300. A watan Satumba na wannan shekarar aka sasanta ƙarar babbar lauyar jiha, rundunar ta karɓi sababbin ƙa'idoji na yadda za ta riƙa tunkarar zanga-zanga, ciki har da daina yi wa jama'a ƙawanya, ko da yake babbar ƙungiyar 'yan sanda ta yi ƙoƙarin hana yarjejeniyar a kotu. A lokacin de Blasio ya fi shekara guda da barin ofis, wanda ya gaje shi kuwa, Eric Adams, tsohon kyaftin ne na wannan runduna. Kuɗin diyyar daga baitulmalin birni suka fito, watau daga harajin mazauna garin, cikinsu har da mutanen Mott Haven, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi talauci a Niyok.